Shirin Darasi Da Rajista Mai Silsila

A wannan zamani akwai wata shawara da samari masu ilmin kwamfuta ke yawan kawowa, wadda ta shafi aikin malaman makaranta. Shawarar ita ce a ƙera wata manhaja ta wayar hannu, inda malami zai ajiye shirin darasin da ya rubuta, wani malami a wani gari ya ɗauka ya koyar da shi, shi ma ya ajiye nasa. Har nan babu gardama. Amma sai suka ƙara da cewa a gina manhajar bisa wata dabara da ake kira bulokcen, watau irin dabarar da kuɗin nan na intanet, Bitcoin, ke tafiya a kanta. Suka ce da haka ba mai iya satar aikin wani, ba mai iya shafe shi, har ma malami ya riƙa samun ɗan lada duk sa'ad da aka ɗauki darasinsa.

Mu da aikinmu shi ne horon malamai da duba makarantu, ba daidai ba ne mu yi shiru. Gama abu in ya shigo makaranta, bayan kuɗin hukuma da zai ci, yakan ci lokacin malami da shekarun yaro, su kuwa shekarun yaro in sun wuce ba su komowa. Kuma kowace dabara takan yi kyau a ofis a Abuja ko Birnin Kebbi, inda akwai lantarki da intanet. Saboda haka muka ga ya fi kyau mu auna wannan shawara a ƙasar Bagudo, a bakin iyakarmu da Benin. Abin da ya yi wa malamin Lolo da na Tsamiya amfani, lalle zai yi wa kowa.

BUKATAR GASKIYA CE

Da fari sai mu yarda da abin da ke gaskiya. Shirin darasi shi ne guzurin malami. A cikinsa yake rubuta manufar darasi, da abin da yara suka riga suka sani, da kayan da zai nuna musu, da matakan da zai bi, da tambayoyin da zai gwada su da su a ƙarshe. Hedimasta ya duba ya sa hannu, mai duba makarantu in ya zo shi zai fara tambaya. Malamin da ya shiga aji ba shiri, shi ne mai fafe gora ranar tafiya.

To, ga yadda ƙasar Bagudo take. Kogin Kwara ya raba ta biyu, gadar Tuga ce ke haɗa hayi da hayi. Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya suna hayin da ke wajen Benin. A aji guda malami yana iya tarar da ɗan Bahaushe, da ɗan Bafillace, da ɗan Badande ko Bazabarme, da ɗan Bakyange, da ɗan Babuse, kowanne da harshen da aka yi masa magana da shi a gida da safe. Akwai 'ya'yan makiyaya da na masunta, waɗanda zamansu ke bin ciyawa da ruwa, irin waɗanda saboda su Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Ilmin Makiyaya a 1989. Da damina hanya takan yanke, kuma ba a manta da ambaliyar 2020 ba, wadda ta cinye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi, har da na wannan ƙasa.

A irin wannan wuri malami yakan gano dabarun da babu su a littafi. A ce wani malami a Lolo ya lura yaransa sun saba jin lissafin naira da sefa a kasuwa, sai ya gina darasin ninkawa da rabawa a kan canjin kuɗi, yara suka gane nan da nan. A ce wata malama a Zagga ta koyar da rabi da rubu'i da mudun shinkafa. Ina waɗannan darussa suke zuwa? Suna cikin littafin rubutu mai bango ja ko shuɗi. Ran da aka yi wa malamin canji ya tafi da littafinsa, ran da ya yi ritaya a jefa shi akwati, gara ta ci rabonta, ruwa ya ɗauki saura. Sabon malami kuwa, da ya fito kwaleji jiya, sai ya fara daga farko shi kaɗai, yana rubutu da dare da hasken tocila. Wannan asara ce babba, kuma wanda duk ya nemi hanyar tsayar da ita ya cancanci godiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

MENE NE BULOKCEN?

Tsofaffin akawunan En'e, da magadansu na ƙananan hukumomi tun daga gyaran 1976, su ne za su fi kowa saurin gane wannan abu. Ku tuna da littafin kuɗi na baitulmali. In shafi ya cika, akan haɗa jimla a ƙasa, a ɗauko ta a rubuta a kan shafin gaba. Wanda ya so ya canja lamba guda a shafi na biyar, tilas ya canja jimlar shafi na shida da na bakwai har zuwa ƙarshen littafi, in ba haka ba mai binciken kuɗi ya kama shi. To, a ce kuma littafin ba guda ba ne, kwafi ɗari ne, kowanne a hannun wani akawu a wani gari, kuma ba a ƙara shafi sai sun daidaita. Ɓarawo ko ya gyara nasa, saura casa'in da tara za su ƙaryata shi.

Bulokcen ke nan. Kowane shafi yana ɗauke da wani hatimi da kwamfuta ke lissafowa daga abin da ke shafin baya. Irin hatimin da Bitcoin ke amfani da shi, in an rubuta shi, jerin haruffa da lambobi 64 ne, kuma in aka canja ko ɗigo guda a shafin, hatimin duka sai ya sāke. Kwamfutoci masu yawa kuwa kowace tana riƙe da kwafinta. Tun da shafi yana riƙe da shafi kamar sarƙa, mu za mu kira ta rajista mai silsila.

An bayyana dabarar a 2008 cikin wata takarda da aka sa wa hannu da sunan Satoshi Nakamoto, Bitcoin kuwa ya fara aiki a Janairun 2009. A 2017 jami'ar MIT ta Amurka ta fara ba waɗansu ɗalibanta takardar shaida ta wannan hanya, ƙasar Malta ma ta gwada a shekarar. A 2021 Gwamnatin Habasha ta ba da sanarwar yarjejeniya da kamfanin da ya ƙera Cardano, don a rubuta sakamakon ɗalibai miliyan 5 na makarantu 3,500 a irin wannan rajista. A nan gida, Babban Bankin Nijeriya ya fito da eNaira ran 25 ga Oktoba 2021, Majalisar Zartarwa ta Tarayya kuma ta amince da manufar ƙasa a kan bulokcen a watan Mayun 2023.

Mai karatu ya lura da abu guda. Duk waɗannan misalai a kan kuɗi ne, ko takardar shaida, ko sakamakon jarrabawa, watau abubuwan da in an rubuta su ba a so su sāke har abada. Mu riƙe wannan, za mu komo gare shi.

SILSILA BA BAƘUWA BA CE

Maganar a san wanda ya rubuta abu, da wanda ya karɓa daga gare shi, ba daga Turai ta zo mana ba. Bagudo tana cikin masarautar Gwandu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuwa, wanda ya fara riƙe Gwandu, ya wallafa littafi musamman, Ida'un Nusukh, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta. Har gobe malamin zaure yakan ba almajirinsa ijaza, a ce wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane.

Amma me ya ba ijaza daraja? Takardar dai kowa yana iya rubuta irinta. Darajarta ita ce malami ya zauna, almajiri ya karanta a gabansa, ya ji da kunnensa, ya gyara masa inda ya karkace, sa'an nan ya sa sunansa ya ɗauki nauyi. In babu wannan zama, silsila jerin sunaye ce kawai. A nan ne maganarmu ta tsaya. Rajista mai silsila tana iya shaida cewa an ajiye takarda kaza ran kaza da sunan wane, kuma ba a taɓa ta ba tun daga ranar. Ba ta iya shaida cewa abin da ke cikin takardar daidai ne. In malami ya rubuta cewa bakwai sau takwas hamsin da huɗu ne, rajista za ta buga masa hatimi, ta tsare kuskurensa da amana kamar yadda za ta tsare gaskiya.

INDA SHAWARAR TA GAZA

Na farko, shirin darasi abu ne da aka yi shi don a yi ta gyara shi. Malamin kirki bayan ya fito aji yakan soke layi ya ƙara layi, domin ya ga inda yara suka tsaya. Darasin nan na canjin kuɗi da muka ambata, lambobinsa na bara ba su yi bana. Duk lissafin da aka gina a kan farashin fetur ko kuɗin mota kafin cire tallafi a watan Mayun 2023, yau yaro zai yi masa dariya. Dokokin sama ma suna sākewa. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da yaran firamare da harshen uwa, a watan Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar an janye wannan, an koma Ingilishi. Masu shawara za su ce ai ana iya ƙara sabon shafi mai ɗauke da gyara. Haka ne, amma tsohon yana nan daram, kuma tilas wani ya faɗa wa malamin ƙauye wanne ne mai aiki yanzu. Wannan wani kuwa mutum ne mai ilmi da izni, rajista ba ta iya zama shi.

Na biyu, maganar hana sata. Ba mu raina ta ba. A Amurka akwai kasuwar intanet mai suna Teachers Pay Teachers, wadda aka kafa a 2006, inda malamai ke sayar wa juna darussa, kuma an sha yin ƙorafin waɗansu suna kwafe aikin waɗansu su sayar. Amma rajista mai silsila wanda ya riga ajiyewa ta sani, ba ta san wanda ya riga rubutawa ba. A ce malamin Gwamba ya rubuta darasi da hannu, abokinsa ya ɗauki hotonsa da waya ya tafi Birnin Kebbi inda intanet ke da ƙarfi, ya ajiye da sunansa. Daga ranar hatimi ya zama nasa, kuma an ce ba a shafewa. Ashe ke nan dabarar da aka kawo don ta tsare mai hakki tana iya zama shaidar ɓarawo, na nesa da gari kuwa shi zai fi cutuwa.

Na uku, ita wannan rajista an ƙago ta ne domin mutanen da ba su san juna ba, ba su amince da juna ba, ba su kuma son wani alƙali a tsakaninsu. Shi ya sa ake wahalar riƙe kwafi da yawa, shi ya sa kuma take da tsada da nawa. Shafi guda na Bitcoin yakan ɗauki wajen minti 10 kafin ya rufu, kuma a irin waɗannan rajistoci na kowa da kowa duk abin da za ka rubuta sai ka biya. To, makarantunmu ba haka suke ba. Akwai Hukumar Bincike da Raya Ilmi ta Nijeriya mai tsara abin da za a koyar. Akwai Hukumar Ilmin Bai Ɗaya ta Jiha, akwai Sakataren Ilmi a ƙaramar hukuma, akwai Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie a Argungu, akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. In akwai masu ɗaukar nauyi, rumbun ajiya na kwamfuta irin na yau da kullum, da kwafi biyu ko uku a wurare dabam dabam, ya isa ya tsare darussa daga gara da ambaliya, da kuɗi kaɗan.

Na huɗu, kayan aiki. Malami da yawa a ƙauye sai ya kai wayarsa shagon mai caji ya biya. Sai ya sayi data daga albashin da bai kai ƙarshen wata ba. A waɗansu wurare sai ya nemi tudu kafin saƙo ya fita. Manhajar da ba ta buɗuwa sai da intanet, ran da aka fi bukatarta ita ce ran da za ta ƙi.

Na biyar, kuma shi ya fi tayar mana da hankali, shi ne maganar lada. Irin waɗannan manhajoji sau da yawa sukan zo da wani kuɗi nasu na intanet, a ce malami ya tara, ko ya saya tun yana da araha, wai gobe zai yi daraja. Jama'a ba su manta da MMM ba, wanda ya tsaya a watan Disambar 2016 da kuɗin mutane a ciki. Ba su manta da CBEX ba, wanda ya yi ta iƙirarin cinikin kuɗin intanet, ya rushe a watan Afrilun 2025. Ba mu ce duk mai kawo bulokcen macuci ne ba, yawancin samarin nan nufinsu alheri ne. Amma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Duk manhajar da ta nemi malami ya zuba ko kwabo kafin ya ajiye darasi ko ya ɗauka, a kore ta daga ƙofar makaranta.

Na shida, shirin darasi yakan ƙunshi sunan yaro, a ce wane bai gane ba, wance tana bukatar taimako. Dokar tsare bayanan mutane da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ba mutum ikon neman a shafe bayanansa a waɗansu halaye. Yaya za a yi da rajistar da ba ta shafuwa? Yaron da ya kasa karatu yana ɗan shekara 7 bai kamata ya tarar da wannan a rubuce yana ɗan shekara 40 ba.

ABIN DA AKA RIGA AKA GWADA

Raba darussa tsakanin malamai an daɗe ana yinsa ba tare da wannan rajista ba. Tun 2005 Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila ta haɗa kai da makarantun horon malamai na Afirka a shirin TESSA, suka rubuta darussa kyauta waɗanda kowa ke iya ɗauka ya daidaita da ƙasarsa, Cibiyar Malamai ta Kaduna kuwa tana cikin waɗanda suka yi aiki da su. A maƙwabtanmu Sakkwato, da kuma Bauchi, shirin Mu Karanta ya ba malaman aji 1 zuwa 3 jagoran koyar da karatun Hausa a takarda, darasi bayan darasi. Shirin RANA ya yi irin wannan a Katsina da Zamfara. Jihar Edo tun 2018 ta ba malamanta ƙananan kwamfutocin hannu masu ɗauke da darussa. A 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya tare da UNICEF suka buɗe dandalin karatu na intanet domin yara da malamai. Akwai kuma manhaja irin Kolibri, wadda aka yi ta musamman don ta yi aiki inda babu intanet.

Abin da muka koya daga waɗannan shi ne, aikin da ya fi wuya shi ne rubuta darasi mai kyau, da gwada shi a aji, da horon malami ya iya shi, da komawa a duba ko yana yi. Wurin ajiya shi ne mafi sauƙi a ciki. Akwai kuma wani haɗari da ya kamata malamai su ji daga bakinmu. In darasi ya zama abin ɗauka a waya, malalacin malami zai kwafe shi da safe ya kai wa hedimasta ya sa hannu, bai karanta ba balle ya yi tunani. Rubuta shiri da hannunka shi ke sa ka gane abin da za ka koyar. Kayan aro ba ya rufe katara. Darasin wani jagora ne, tilas ka sāke ɗinka shi daidai da yaran da ke gabanka.

HAYIN IYAKA

Akwai wuri guda inda muke ganin rajista mai silsila tana iya samun gurbi nan gaba. Iyakar da ta raba mu da Benin ta samo asali daga yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898, wadda ta raba ƙasar Bargu biyu ta bar Illo a wannan gefe. Mutanen Tsamiya da na Segbana, da mutanen Lolo da na wajen Malanbil, dangi ne, kasuwa guda suke ci, harshe guda suke ji. Malamin can yana koyarwa da Faransanci, an hore shi a makarantar horon malamai irin ta Kandi, kuma shi ma yana rubuta shirin darasi kamar namu. Matsalarsa irin tamu ce, watau yaro ya zo da Dandanci ko Fillanci ya tarar da baƙon harshe a allo. Mu muna da Faransanci cikin darussan da aka tsara wa makarantunmu, masu koyar da shi kuwa sun yi ƙaranci. Su ma suna son Ingilishi. Ga ciniki mai riba ga kowa.

A nan hukumomi biyu ne, babu wadda ke ƙarƙashin wata. Iyali sukan ƙaura daga hayi zuwa hayi, yaro ya zo da takardar makaranta da ba mai iya tabbatar da ita. Rajistar da kowane gefe ke riƙe da kwafinta tana iya taimakawa wajen takardun shaida na yara da na malamai, domin su ne irin abin da ba a so ya sāke. Amma ko a nan, sai hukumomin ilmi na ƙasashen biyu sun zauna sun yarda da juna tukuna. Na'ura ba ta ƙulla amanar da mutane ba su ƙulla ba.

SHAWARARMU

Gwamnan Jihar Kebbi tun 2023, Dokta Nasir Idris, malami ne, ya kuma taɓa shugabantar Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, saboda haka ba sai an yi masa dogon bayani a kan nauyin shirin darasi ba. Ga abin da muke roƙon hukuma da malamai su duba.

Na ɗaya, a fara da tarawa. Sakataren Ilmi na Bagudo ya sa malamai su riƙa haɗuwa gungu gungu, a Bagudo, da Zagga, da Ka'oje, da Illo, da Lolo, ko sau biyu a zango. Kowa ya zo da darasi guda da ya ga ya ci, ya koyar da shi a gaban 'yan'uwansa, su tattauna. A nan ne za a san mai darasi da shaidar idanu, ba mai iya riga shi.

Na biyu, a tace. Abin da aka tara a miƙa wa malaman kwaleji da masu duba makarantu, su daidaita shi da tsarin karatun da ke aiki, su gyara kuskure, a gwada a wata makaranta dabam. Kowane darasi ya fito da sunan wanda ya rubuta, da wanda ya duba, da wanda ya gyara, da shekara. Wannan ita ce ijazarmu, kuma wanda ya sa sunansa ya san ya ɗauki nauyi.

Na uku, a isar. Darasi ya zama ɗan ƙarami, wanda zai shiga kowace waya, a tura shi ta WhatsApp ko daga waya zuwa waya ko a katin memori, ya kuma buɗu ba tare da intanet ba. Kowace makaranta ta sami kwafi bugagge a ofishin hedimasta, wanda ba ya bin malami in an yi masa canji. A gefen kowane darasi a bar fili inda za a rubuta muhimman kalmomi da Hausa da sauran harsunan yaran wurin.

Na huɗu, ladan malami ya fito daga hukumar da ta ɗauke shi aiki. Wanda darasinsa ya wuce tacewa a rubuta masa a fayil, a lissafa masa ran ƙarin girma, a kira sunansa a taron malamai. Wannan ya fi masa kowane kuɗin da ba a iya sayen gero da shi a kasuwa.

Na biyar, kada sunan yaro ko hotonsa ya shiga abin da za a raba.

Na shida, in an yi shekara biyu ko uku ana wannan, darussa sun taru, aka kuma ga akwai bukatar rajista mai silsila, to, a sa hatimin darasi kaɗai a ciki, da takardun shaida, shi kuwa darasin a bar shi inda hannu zai kai a gyara. Duk yarjejeniyar da za a yi da kamfani a rubuta a fili cewa darussan na malamai ne da jiha, kuma ana iya kwashe su a kowane lokaci, don kada kamfani ya rufe ya tafi da gumin mutane.

Ku kuwa samari masu wannan ilmi, ba mu kore ku ba, muna ma bukatarku. Amma kafin ku rubuta ko layi guda na manhajarku, ku haye gadar Tuga da damina, ku zauna a bayan aji a Illo ko Bani mako guda, ku ga wayar da ke hannun malami, ku ga inda yake caji, ku tambaye shi abin da ke hana shi barci. Abin da ya gaya muku shi za ku gina. In ya zamana ana bukatar silsila, kwa sa ta daga baya, sannu ba ta hana zuwa.

Malamai kuma, kada ku jira sai an kawo na'ura. Littafin shirinka na bara, in yana nan, ka fito da shi ka nuna wa sabon malamin da aka turo makarantarku, ka zauna da shi ku bi shi shafi shafi. Daga nan aikin zai fara. Allah ya sa mu dace, amin.